Tabar Wiwi: Ɗaurin Shekara 15 A Kan Ƙulli Guda, Ko Ya Biya Bukata?

Duk wanda ya saba bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san yawan shingayen jami'an tsaro da ke kanta. Daga Yankara a shiga Tsafe, a wuce Kwatarkwashi a isa Gusau, in kuma tafiyar Sakkwato ce a ratsa ta Bungudu, da wuya mota ta yi nisa ba a tsai da ita an leƙa kayan da ta ɗauko ba. Cikin abubuwan da ake nema akwai tabar wiwi. Abin da yawancin fasinjoji ba su sani ba shi ne, in aka sami ƙulli guda ɗaya tak a aljihun yaron mota, to dokar Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA, ta tanadar masa ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba, bai kuma wuce 25 ba. Sashe na 19 na dokar, wanda ya yi magana a kan mallaka, bai ambaci nauyi ba ko kaɗan. Mai ƙulli ɗaya da mai buhu goma, muddin laifin mallaka aka tuhume su da shi, a ƙarƙashin sashe guda za a gurfanar da su.

A 'yan shekarun nan an sha kai batun tabar wiwi gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, wasu na neman a sassauta, wasu na neman a tsananta. Tun da yake Jihar Zamfara na cikin wuraren da wannan al'amari ya fi shafa, ya kamata a zauna a dube shi da idon basira, ba da zafin rai ba.

Mun taɓa sassautawa

Masu tarihi da yawa na danganta yaɗuwar tabar wiwi a ƙasar nan da sojojin da suka komo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. Turawan mulki sun riga sun sa ta cikin Dokar Magunguna Masu Haɗari ta 1935, amma hukunci mai tsanani bai zo ba sai 1966, lokacin da gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa Dokar Soja mai lamba 19. Wannan doka ta ce wanda ya noma ta a kashe shi ko a ɗaure shi shekara 21, wanda kuwa ya sha ko aka same shi da ita ya yi shekara goma a kurkuku. A ƙarƙashinta ne aka kama mawaƙin nan Fela a Legas a 1974.

Shekara tara aka yi ana gwada wannan magani, shan wiwi bai ragu ba. A 1975 sai wata gwamnatin soja ta yi wa dokar gyara, ta soke hukuncin kisa, ta mai da hukuncin mashayi ɗaurin wata shida ko tara. Mai karatu ya lura, wannan sassauci ba 'yan siyasa masu neman ƙuri'a ne suka kawo shi ba, kuma ba wata ƙungiyar ƙasar waje ce ta tilasta shi ba. Sojoji ne da kansu suka duba suka ga shekara goma ta yi wa mashayi yawa.

Sassaucin bai daɗe ba. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta mai da tsananin, ta kuma kafa Dokar Soja mai lamba 20 wadda a ƙarƙashinta aka harbe mutum uku a Legas cikin Afrilun 1985 saboda fataucin hodar ibilis. Gwamnatin Janar Babangida ta sauya kisa da ɗaurin rai da rai a 1986, sa'an nan ta kafa Hukumar NDLEA da Dokar Soja mai lamba 48 ta 1989. Daga wannan doka shekara 15 zuwa 25 ta samo asali. Abin lura shi ne sunayen da dokar ta jera su ne hodar ibilis da hiroyin da wata ƙwaya mai suna LSD, sai ta ƙara da cewa da makamantansu. An yi ta jayayya a kotuna ko wiwi na cikin makamantan, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa tana ciki a shari'ar Okewu a 2012.

Daɗin daɗawa, tsohuwar Dokar Tabar Wiwi ba a soke ta ba, tana nan cikin kundin dokokin Tarayya na 2004, inda ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara huɗu ba ga mashayi, ba tare da zaɓin tara ba. Ke nan laifi ɗaya, dokoki biyu, hukunci biyu, tsakaninsu shekara goma sha ɗaya.

Abin da aka kai Majalisa

A watan Mayun 2019 Gwamnan Jihar Ondo na lokacin, Mista Rotimi Akeredolu, ya tafi ƙasar Tailan don ganin yadda ake noman wiwi domin haɗa magani, ya dawo yana kira ga Gwamnatin Tarayya ta buɗe wannan ƙofa. Ba abin mamaki ba ne kiran ya fito daga can, gama dazuzzukan Ondo da Edo da Delta da Osun da Ekiti su ne manyan gonakin wiwi na ƙasar nan. Daga nan sai ƙudurori suka biyo baya a Majalisar Wakilai. Uwargida Miriam Onuoha daga Jihar Imo ta gabatar da nata a 2020, Mista Benjamin Kalu daga Jihar Abiya da Mista Olumide Osoba daga Jihar Ogun su ma suka kawo nasu. A watan Maris na 2023 aka haɗa su aka kawo don karatu na biyu, 'yan majalisa suka yi masa ca, aka jingine shi. Majalisa ta tara ta kammala wa'adinta cikin Yunin wannan shekara, ƙudurin ya mutu tare da ita.

A ganina faɗuwar wannan ƙuduri ba ta zo da ba-zata ba, kuma masu shi suna da hannu a ciki. Sun cakuɗa maganganu uku da ba su da dangi. Ta farko ita ce ba kamfanoni lasin noma don magani da sayarwa a ƙasashen waje, wannan maganar kasuwanci ce. Ta biyu ita ce halatta sha, wadda ba ta da kasuwa a Arewa ko kaɗan, kuma ban ga dalilin da zai sa ta samu ba. Ta uku ita ce rage hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha, wannan kuwa maganar adalci ce. Da aka ɗaure su cikin ƙunshi guda, sai ɗan majalisa daga Gusau ko Katsina ya ji kamar an ce masa ya je mazaɓarsa ya shaida wa jama'a ya sa hannu an halatta maye. Babu mai yin haka. Magana ta uku, wadda ita ce ta shafi talaka, ta nutse ba a ko tattauna ta ba.

Bayan shekara guda sai iska ta juya. A ranar 9 ga Mayun 2024 Majalisar Dattawa, a zaman da Mataimakin Shugabanta Sanata Barau Jibrin ya jagoranta, ta amince da hukuncin kisa ga masu fataucin miyagun ƙwayoyi, bisa shawarar da Sanata Ali Ndume ya kawo, ko da yake Sanata Adams Oshiomhole ya nuna rashin yarda da yadda aka yanke magana mai nauyin rai da ƙuri'ar murya. Majalisar Wakilai ba ta bi su ba, da aka zauna daidaita ƙudurorin biyu aka tsaya a kan ɗaurin rai da rai. A Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa hannu, dalilin da ya bayar kuwa bai shafi hukunci ba sam. Ya ce ƙudurin ya ba Hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwace, abin da ya saɓa wa ƙa'idar kuɗin gwamnati. Da wannan ƙin sa hannu tsohuwar doka ta ci gaba da aiki yadda take.

Shugaban Hukumar, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, wanda aka naɗa a Janairun 2021, ya sha bayyana adawarsa da halatta wiwi, ya kuma sha kokawa da yadda manyan dillalai ke biyan tara su fita. Kukansa na biyun nan yana da tushe. Sai dai in aka toshe zaɓin tara ga kowa da kowa ba tare da an raba dillali da mashayi ba, to an bar jaki ana dukan taiki.

Lissafin da ba ya fita

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu miliyan 10.6 wiwi suka sha. A shiyyar Arewa maso Yamma an ƙiyasta kashi 12 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan uku. Jihar Kano ce ta zo ta ɗaya a shiyyar da kashi 16, Zamfara na bi mata da kashi 13.5, watau kimanin mutum 313,000.

To, a ajiye tausayi a gefe, a yi lissafi kawai. Dukkan gidajen yarin ƙasar nan, daga Legas zuwa Maiduguri, mutanen da ke cikinsu ba su kai dubu ɗari ba, kuma a haka ma sun cika sun batse, wajen kashi biyu cikin uku na mazaunansu jiran shari'a suke yi. Ko da kashi ɗaya cikin ɗari na mashaya wiwi aka kama aka zartar musu da abin da doka ta ce, sun fi ƙarfin dukkan kurkukun da muke da su. Dokar da ba za a iya zartarwa a kan kowa ba, tilas a zaɓi waɗanda za a zartar a kansu, kuma kowa ya san wanda zaɓin ke faɗawa. Ba ɗan mai kuɗin da ke sha cikin mota mai baƙin gilashi ba ne. Ɗan acaba ne, da ɗan dako, da yaron tasha, da ɗalibin da aka yi sa'ar cafkewa a bayan ɗakin kwana.

Alƙalai sun san da haka. Shi ya sa duk mai bin labaran Babbar Kotun Tarayya zai ga sau da yawa ana yanke wa mai ɗan ƙulli watanni ko shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci da zaɓin tara, musamman in ya amsa laifinsa. Wani zai ce to ai shi ke nan, tun da alƙalai na sassautawa me ya rage? Abin da ya rage yana da yawa. Sassaucin da ya dogara ga halin alƙali ba haƙƙi ba ne, sa'a ce. Mutum biyu masu laifi iri ɗaya, ɗaya a Gusau ɗaya a wani gari, za su iya fita da hukunci mabambanta. Ban da wannan, shekara 15 da ke rubuce ita ce sandar da ake tsorata iyaye da ita tun kafin a je kotu. Uban da aka gaya wa ɗansa na fuskantar wannan ɗauri zai sayar da akuya, zai jinginar da gona, don kada maganar ta yi nisa. Duk inda hukunci ya zarce laifi nesa ba kusa ba, an buɗe ƙofar cin hanci, ko jami'in da ke bakin aiki mutumin kirki ne ko ba shi ba ne.

Akwai kuma wani ƙulli na shari'a da ɗaliban lauya za su so su duba. Dokar Gudanar da Shari'ar Masu Laifi ta 2015, a sashe na 460, ta ba kotu ikon jingine ɗauri ko sa mai laifi aikin yi wa jama'a hidima maimakon kurkuku. Dokar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 kuma ta kafa sashen da zai kula da irin wannan hukunci na waje. Amma sashe na 460 ya ce ba za a yi wannan rangwame ba a laifin da hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara uku. Ke nan mai wani ƙaramin laifi na iya share kasuwa ya koma gida, amma mai ƙullin wiwi, a bisa lafazin doka, ƙofar a rufe take gare shi. Hannun dama ya buɗe, na hagu ya kulle.

Ga ma'aikacin gwamnati da ɗalibi kuwa, ba tsawon ɗaurin ne babbar asara ba, tabon ne. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun ɗauki samun mutum da laifi a kotu a matsayin babban laifin da kan kai ga kora, kuma takardun neman aiki na tambaya ko an taɓa ɗaure mai nema. Yaron da ya yi wata uku a gidan yari yana aji biyu a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kiwon Lafiya ta Tsafe zai iya daina shan wiwi a shekara ashirin da biyu, amma tambayar nan za ta bi shi har furfura.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Duk wannan bayani, in aka kai shi gaban mutumin Tsafe ko Bungudu, amsar da zai bayar a shirye take, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce ku masu zama a ofis kuna maganar tausayin mashayi, mu kuwa mun ga abin da maye ke sa mutum ya aikata. Waɗanda aka sace aka kai daji suka dawo sun sha ba da labarin yadda 'yan bindiga ke busa wiwi da haɗiyar ƙwayoyi irin su taramol kafin su fita ta'asa. Hukumar NDLEA ta sha bayar da sanarwar kama kayan maye da ake shirin kai wa 'yan bindiga a dazuzzukan Arewa maso Yamma. Hanyar da kayan ke bi sananniya ce, daga gonakin Kudu ta Okene da Lakwaja, a bi ta Kaduna ko Zariya, a faɗo Funtuwa. A jihar da aka kai ga rufe layukan waya da kasuwannin mako a Satumbar 2021 don a datse wa 'yan bindiga hanyar samun kaya, wa zai tashi ya ce a sassauta wa mai ɗauke da wiwi?

Dole a amsa wannan da gaskiya. Da farko, wiwi ba ita ta haifi ta'addancin daji ba. Rikicin ƙasa da burtali, da satar shanu, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya, da bazuwar bindigogi, da kuɗin fansa, su ne suka haife shi suka rene shi. Jihohin da aka fi shan ƙwaya a ƙasar nan, bisa binciken da muka ambata, suna Kudu maso Yamma, inda adadin ya haura kashi 22 cikin ɗari, amma ba a kwashe ƙauyuka a can yadda ake yi a nan. Na biyu, dokar shekara 15 tana nan tun 1989, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, tana nan duk tsawon shekarun da aka yi ana zubar da jini, ba ta hana ko ƙulli ɗaya isa daji ba. Wanda ya riƙe bindiga yana kisa ba ya lissafin hukuncin wiwi. Wanda ke yi masa safara kuwa dillali ne, dokar da ta hau kansa ta ɗaurin rai da rai ce, ga kuma dokar da Gwamna Bello Matawalle ya sa wa hannu a Yunin 2022 wadda ta tanadi hukunci mai tsanani ga masu taimaka wa 'yan bindiga. Babu mai neman a taɓa waɗannan.

Amma akwai wurin da hujjar mutumin Tsafe ta kama ƙasa sosai. Kayan da ke shiga daji ba duka ake kai su cikin buhu ba. Ana rarraba su kaɗan-kaɗan a hannun yara da mata da 'yan babur, cikin kayan cefane. In doka ta ce wanda aka samu da ƙasa da giram kaza mashayi ne kurum, to dillali zai auna daidai giram kaza ya aiki mutum goma. Wannan haɗari ne na gaske, kuma duk ƙudurin da ya yi watsi da shi bai san Zamfara ba. Maganinsa shi ne kada nauyi ya zama hujja yankakkiya. A ce ƙaramin nauyi alama ce ta sha, amma mai gabatar da ƙara na da ikon kawo shaidar cewa safara ce, kamar wurin da aka kama mutum, da yadda aka ɗaɗɗaure kayan, da kuɗin da ke jikinsa, da waɗanda yake waya da su. Yaron da aka kama a lungun Tudun Wada da ƙulli a aljihu daban yake da wanda aka tare kan babur da magariba ya nufi bakin daji da ƙulli talatin cikin buhun gari.

Abin da malamai suka ce

A nan Gusau ne Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a ranar 27 ga Oktoban 1999, kundin hukunce-hukuncen ya fara aiki a Janairun 2000, don haka ba a yin irin wannan magana a Zamfara ba tare da an waiwayi fiƙihu ba. Malamai sun haɗu a kan haramcin abin da ke gusar da hankali, babu saɓani a nan. Inda suka saɓa shi ne nau'in hukunci. Shehin Malami Ibn Taimiyya ya tafi a kan cewa mai shan hashisha, 'yar'uwar wiwi, haddin mai shan giya ya hau kansa. Imam al-Ƙarafi kuwa, babban malamin mazhabar Malikiyya da ya rayu a Masar, ya rarrabe a littafinsa al-Furuƙ tsakanin abin da ke sa maye irin na giya, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke sa barci, ya sa hashisha a kashi na biyu, ya ce ladabtarwa ce hukuncinta gwargwadon ganin alƙali, ba haddi ba.

Ko da an ɗauki ra'ayi mafi tsanani, haddin giya a mazhabarmu bulala tamanin ne, a yi a gama cikin yini guda, mutum ya koma ga iyalinsa da sana'arsa. Ba ina kira a mai da hukuncin wiwi bulala ba ne, abin da nake nunawa shi ne ɗaurin shekara 15 ba daga littattafan malamai ya fito ba. Daga dokar soja ya fito, a zamanin da ƙasashen Turai da Amurka ke matsa wa Nijeriya lamba kan masu safarar hodar ibilis da hiroyin ta filayen jiragen sama. Wanda ya ce a rage shi bai taɓa addini ba.

Waɗanda suka riga mu

Ba sai an je nesa ba. A 2014 wani kwamitin Afirka ta Yamma da marigayi Kofi Annan ya kafa, wanda tsohon Shugaba Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawarar a daina ɗaukar mallakar ɗan abin sha a matsayin laifin kurkuku, a mai da ƙarfi kan manyan 'yan safara. Ghana ta bi wani ɓangare na shawarar a dokarta ta 2020, inda ta mai da hukuncin mallaka don sha tarar sidi 2,400 zuwa 6,000 a maimakon ɗaurin shekaru, in mutum ya kasa biya ya yi zaman da bai wuce wata 15 ba. Darasin Ghana mai kaifi biyu ne. Ta rage hukunci ba tare da ta halatta ba, wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. Amma tarar ta fi ƙarfin talaka, sai ya zamana mai hali ya biya ya tafi, marar hali ya koma inda aka ce an fisshe shi. In Nijeriya za ta kwaikwaya, kada ta kwaikwayi wannan kuskure.

Ƙasar Fotugal tun 2001 ta ɗauke maganar mashayi daga kotu, ta miƙa ta ga wani ƙaramin kwamiti mai ɗauke da masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a, muddin abin da aka kama bai wuce na kwana goma ba. Amma Fotugal ta zuba kuɗi a asibitoci kafin ta yi haka. Jihar Oregon ta Amurka, wadda ita ce ta fara mai da hukuncin ɗan ƙullin wiwi tarar dala 100 tun 1973, ta faɗaɗa sassaucin zuwa ƙwayoyi masu ƙarfi a 2020 ba tare da isassun wuraren magani ba, a 2024 ta janye. Tailan ɗin da Gwamna Akeredolu ya je koyo ta saki wiwi a 2022, shaguna suka cika gari, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, ita kanta ta yarda ƙasa ta ba mashayi magani da tarbiyya a madadin hukunci, saboda haka ba wani alkawarin duniya da ya ɗaure mana hannu.

Ina za a kai su?

A nan ne maganar ta fi wuya ga Zamfara. In alƙali a Gusau ya ce a kai yaro magani maimakon kurkuku, ina za a kai shi? Babban asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya mafi kusa yana Kware, can bayan Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita ɗari biyu a kan hanyar da ba kowane lokaci ake binta da kwanciyar rai ba. Iyayen da suka rasa yadda za su yi kan koma ga gidajen mari, kuma ƙasa duka ta ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura da Katsina cikin 2019, mutane ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabo. Ba kowane mai shan wiwi ne ke bukatar gadon asibiti ba, yawancinsu nasiha da sa ido da sana'a sun ishe su. Amma wanda ta riga ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, kuma likitoci sun tabbatar tana iya yin haka musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya, yana bukatar likita.

Majalisar Dokokin Jiha ba ta da ikon taɓa dokar NDLEA. Tsarin Mulki na 1999 ya sa magunguna da guba cikin jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya kuma ba Babbar Kotun Tarayya shari'arsu. Amma lafiya da tarbiyya da koyar da sana'a suna hannun jiha. Babu abin da ya hana a ware ɗakuna da ma'aikata don masu fama da shaye-shaye a Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da manyan asibitocin Tsafe da Bungudu, a horar da ma'aikatan jinya a kan wannan fanni, a kuma shigo da Hukumar Hisba da hakimai da limamai cikin aikin sa ido a kan wanda kotu ta sallama bisa sharaɗi.

A Abuja kuwa gyaran da ake bukata ba mai tsawo ba ne. A raba laifin mallaka gida biyu. A bar dillali da mai noma da mai safara inda suke, har ma a toshe musu ƙofar tara kamar yadda Janar Marwa ke nema. Ga wanda aka kama da ɗan abin sha kuwa, a sauko da hukuncin ƙasa da shekara uku don sashe na 460 ya yi aiki a kansa, a ba alƙali ikon tura shi magani ko aikin hidima, a share sunansa daga rajistar masu laifi in ya cika sharaɗi bai sake ba, a kuma soke sashen mashayi na tsohuwar Dokar Tabar Wiwi don a huta da hukunci biyu. Duk lokacin da ƙudurin gyaran dokar NDLEA ya sake zuwa zauren Majalisa, akwai damar shigar da wannan sashe ba tare da an ambaci lasin noma ko halatta sha ba. Gusau da Tsafe suna da wakili guda a Majalisar Wakilai, Bungudu da Maru suna da nasu, ƙananan hukumomin huɗu kuma su ne mazaɓar Sanatan Zamfara ta Tsakiya. Kwamitocin Majalisa kan kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin karatu na uku, kuma ƙungiyar ɗalibai ko ta ma'aikata ko ta lauyoyi reshen Gusau na da damar aika takardarta a rubuce.